Kurakuran da ke kashe tayar takalmin yara a Kano

Takalmi mai taya da ake saya wa yara da ƙaramar Sallah, da wuya ya kai babbar Sallah yana gudu. Yaro ya kawo ƙara cewa taya ta cije, uba ya ce ai dama jabu ne. Wani lokacin da gaskiyarsa, amma galibi ƙura ce da gyaran ganganci. Kamfanin Heelys na Amurka, wanda ya yayata irin takalmin nan wajen shekarar 2000, don daɓe mai santsi ya yi shi, ba don lungu mai rairayi ba.

Babban kuskuren shi ne tuttula mai. Da taya ta fara ƙara sai a ɗauko baƙin mai ko giris, wasu har man gyaɗa, a zuba ta waje. Ran nan za ta yi gudu kam. Amma a cikin tayar akwai boris, kuma a cikinsa akwai 'yan ƙwallayen ƙarfe da ke juyawa. Man da aka zuba shi ke kama ƙurar hunturu, su cakuɗe su zama baƙin kwaɓi mai tsakuwa, ya riƙa cin ƙwallayen har boris ya mutu. Gyaran shi ne a fara wankewa kafin a sa mai. A cire tayar, a zare boris, in murfinsa na roba ne a ɗaga shi da bakin allura. A jiƙa shi cikin kananzir a murfin kwalba, a riƙa juya shi da yatsa, za ku ga kananzirin ya koma baƙi, rairayi ya kwanta a ƙasa. A bar shi ya bushe sarai, sannan a ɗiga man keken ɗinki, ɗigo ɗaya ko biyu. Ya isa haka. Ita kuwa robar tayar kada kananzir ko fetur ya taɓa ta, tsumma mai ɗanshi ya wadatar. Kuma a duba bakin sandar da tayar ke juyawa a kai, don zare da gashi kan nannaɗe a wurin, sau da yawa ma su kaɗai ne matsalar.

Sai wanki. Uwa ta tsoma takalmin a bokitin ruwan sabulu da tayarsa, ta shanya, kwana kaɗan boris ya yi tsatsa. A cire taya kafin wanki, haka ma da damina in za a bi ruwa.

Wajen cirewar ma ana ɓarna. Masu zura wuƙa ko sukundireba suna ɓanɓarawa, ramin da ke riƙe sandar suke fasawa, kuma in ya fashe ko sabuwar taya ba za ta zauna ba. A irin na Heelys, da manyan yatsu ake danna gefe ɗaya ta fito. Wajen mayarwa a daidaita bakin sandar biyu da raminsu, a taka da dunduniya har a ji ƙas. In an bar takalmin babu taya, a sa marfin da ya zo da shi, wanda yawanci tun ranar saye ake zubarwa da kwali.

Mai zuwa kasuwar Sabon Gari ko ta Ƙofar Wambai neman sabuwar taya, ya tafi da tsohuwar tayar a aljihu. Faɗinsu ya bambanta, kuma masu arha da ke da maɓalli a baya, wasu an dasa musu taya yadda ba ta fita sam. Boris da aka fi samu shi ne mai lamba 608, faɗinsa milimita 22, raminsa milimita 8, amma a karanta lambar da ke jikin murfin kafin a biya. In za a canza taya, a canza ta ƙafa biyun tare, domin sabuwa ta fi tsohuwa tudu, yaron zai riƙa karkata gefe guda. Tayar da gefe ɗaya kawai ya cinye, a juya ta. Wadda ta tsage ko ta baje a wuri ɗaya tana tsalle, babu gyara, a jefar.