Ɗan kwalta ko ɗan gargada: yadda za ka zaɓi babban babur na doguwar tafiya

Babban babur na farko da na saya Yamaha FJR1300 ne, na hannu, wanda aka shigo da shi ta Kwatano. Shekara biyu da wani abu na yi ina hawansa tsakanin Kano da Kaduna, kuma har gobe ban hau abin da ya kai shi daɗi a kan kwalta ba. Ka danna maɓalli gilashin gaba ya ɗago, iska ta riƙa bi ta saman kanka, ka wuce Kwanar Dangora, ka wuce Zariya, bayanka bai ce uffan ba. Abin da ya raba ni da shi kilomita 14 ne kacal, wato hanyar burjin da ta sauka daga titi ta shiga ƙauyenmu a bayan Birnin Kudu. Wata safiya cikin Agusta, bayan ruwa ya kwana yana zuba, tayar gaba ta zame a laka, mashin ya kwanta a hankali kamar raƙumi zai durƙusa. Ko ƙwarzane ban yi ba. Amma sai da manoma uku suka ajiye fartanya suka zo muka ɗaga shi, robar gefe ta tsage, na yi wata biyu ina jiran wata daga waje.

Manyan baburan tafiya iri biyu ne mutane suka fi ruɗewa a kansu. Akwai wanda Turawa ke kira turin, ni ina ce masa ɗan kwalta: gajere, mai nauyi, an lulluɓe shi da roba don ya tare maka iska, ga akwatunan kaya a gefe. Irinsu ne Honda Gold Wing, da BMW RT, da FJR ɗin da na ambata. Sai wanda suke kira adbenca, ni kuma na sa masa ɗan gargada: dogo, cikinsa ya yi nesa da ƙasa, tayar gaba babba, kansa mai faɗi. Nan ne za ka sami BMW GS, wanda ya fara fitowa a 1980, da Honda Africa Twin, da Suzuki V-Strom, da Yamaha Ténéré. Wannan na ƙarshe sunan hamadar Tenere ta Nijar ya ci, wadda ke gabas da Agadas, inda tseren Faris zuwa Dakar ya sha ratsawa a da. Ina jin daɗin tuna wa abokan hawa haka in sun fara yi mini kurin cewa abin na Turawa ne.

Kafin ka je wajen dillali, ɗauki takarda ka rubuta duk tafiye-tafiyen da ka yi a shekarar da ta wuce. Waɗanda ka yi da gaske nake nufi, ban da waɗanda kake mafarkin yi. A gaban kowace tafiya ka rubuta wurin da hanya ta fi muni, da tsawonsa, da kuma ko za ka iya kauce masa. Wannan wurin shi zai zaɓa maka babur. Kuskuren da na yi shi ne na lissafa ɗaruruwan kilomitocin kwalta na manta da ɗan guntun burjin, alhali a kansa tafiyar take ƙarewa, kuma da damina shi kaɗai ne hanya. In takardarka ta nuna daga Kano zuwa Abuja ne, ko zuwa Katsina, daga ƙofar gida zuwa ƙofar otal, to ɗan kwalta ya dace da kai, kada wani ya ruɗe ka da hotunan hamada. In kuwa akwai gona a ciki, ko rugar da kake kiwo, ko kana da niyyar hawa tsaunin Mambila ka sauka daga titi ka shiga ƙauyukan da ke kewayen Gembu, ka manta da mai roba.

Sai dai a ƙasarmu kwaltar ma ba kullum take amsa sunanta ba, kuma nan ne lissafin ya fi karkata. Tsakanin cikin FJR da ƙasa santimita 13 ne ko kusa da haka, Gold Wing ma haka. Africa Twin yana da 25, Ténéré 700 yana da 24. Ka tuna irin tudun rage gudu da mutanen gari kan gina da kansu a bakin kasuwa, mai tsini kamar kunyar dawa. Sau nawa na ji ƙasan FJR ya goge shi, har sai da na koyi hawa a karkace. Ga kuma wuraren da ake aikin hanya, a karkatar da ku cikin tsakuwa da ƙura na kilomitoci, tirela a gaba tirela a baya. Girman taya ma haka: yawancin 'yan kwalta inci 17 ne a gaba, 'yan gargada kuma 19 ko 21. Babbar taya takan haye rami, ƙarama takan faɗa ciki, kuma rim ɗin da aka zuba a dunƙule in ya daki bakin rami da gudu yakan lanƙwashe ko ya tsage, mai sifok kuwa yakan jure.

Daga nan sai ka gwada jikinka, kuma kada kunya ta hana ka. Hau mashin a tsaye da takalmin da za ka riƙa tafiya da shi, ka ga nawa ne na tafin ƙafarka ya taɓa ƙasa. Sirdin Gold Wing bai fi santimita 75 ba, na FJR ya ɗan haura 80, na GS 1250 yana farawa daga 85, na Ténéré 700 ya kusa 88, na babban GS mai tanki lita 30 kuwa 89 ne. Ni ba dogo ba ne. Da na hau Ténéré ɗin wani abokina, da kan yatsu nake dogarawa, kuma na san abin da zai faru ranar da na tsaya a shingen jami'an tsaro ƙafata ta faɗa a kwari. Nauyi kuma ya juya lissafin: Gold Wing mai akwatin baya ya haura kilo 380, FJR yana wajen 290, GS 1250 kusan 250, V-Strom 650 bai kai 220 ba, Ténéré 700 ya ɗan haura 200. Ka roƙi mai shi ya bar ka ka tura shi da baya, injin a kashe, ka juya shi a tsakar gida. In ka yi gumi a kan siminti, ka ƙiyasta yadda za a yi a cikin yashi. Gold Wing na da giyar baya saboda masu ƙera shi sun san abin da suka ƙera.

Maganar goyo ba ta buƙatar dogon bayani. In uwargida za ta riƙa binka tafiya, ɗan kwalta ya yi nasara tun ba a fara ba. Tawa har yau tana yi mini gorin sirdin FJR, ta ce na sayar da kujera na sayo benci. Ka je da ita wajen gwaji, ta hau ta sauka da kanta da irin suturar da take sawa, domin hawa bayan dogon mashin mai akwati a gefe wani aiki ne.

Abin da dillali ba zai gaya maka ba shi ne ranar da mashin zai tsaya a inda ba kowa sai mai faci da bakaniken Boxer. Tambayi ko tayar mai tub ce ko tublas. Ténéré 700 da yawancin ƙananan Africa Twin masu tub ne, in ƙusa ta shiga sai an kwance ƙafar gaba ɗaya. Babban GS da V-Strom 650 da duk 'yan kwalta tublas ne, ka cusa igiyar faci ka ba da iska ka wuce cikin minti goma. Sannan abin da ke juya tayar baya: FJR da Gold Wing da babban GS shaf gare su, wato sandar ƙarfe a maimakon sarƙa, ba ruwanka da shafa mai, amma in ya lalace ba a kowane gari za a taɓa shi ba. Sarƙa kuwa tana son wanki da mai, musamman da hunturu in ƙura ta haɗu da man ta zama kamar sanfefa, sai dai ko'ina ka sami wanda ya san kanta. Ina da ra'ayin cewa duk yawan na'urorin lantarki a jikin mashin na hannu, yawan abin da zai kunna maka jar fitila ne a inda ba mai kwamfutar dubawa. Kafin ka biya, ka nemo bakaniken da zai riƙa duba maka shi, ka tambaye shi wane iri ne yake samun kayansa cikin mako guda. Amsarsa ta fi ta dillali amfani.

Ka lissafa mai ma. FJR na da tanki lita 25, kuma a hannuna yakan yi kilomita 15 zuwa 17 da lita ɗaya. V-Strom lita 20 ne, amma yana haura 20 da lita in ban matsa masa ba, saboda haka nisan da suke kaiwa kusan ɗaya ne, kuɗin ne ya bambanta. Duk biyun ba sa son man 'yan bumburutu. In dole ta sa ka saya a galan, ka tace da kyalle mai tsabta.

Da na sayar da FJR, kowa ya ɗauka babban GS zan sayo, don shi ne abin yayi. V-Strom 650 na saya. Mutane da yawa na sayen GS mai kilo 268 da fitilu da akwatunan alminiyom, kuma iyakar gargadar da zai gani ita ce ta layin unguwarsu. In daga Jincheng ko Boxer kake tasowa, kada ka yi tsalle zuwa inji mai siisii 1,200 ko sama, kowane iri ne. Ɗan gargada matsakaici, 650 zuwa 800, mai tayar gaba inci 19, shi ne ya fi dacewa da yawancin masu takarda irin tawa: kwalta da yawa, burji kaɗan amma na dole. Na yarda na yi asara. Iska takan bugi hular kwanona in na haura 120, kuma ina isa Kaduna da gajiyar da ban sani ba a da.

In ka tsai da magana, ka duba takardun kwastam, ka gwada lambar jikin mashin da wadda ke takarda harafi bayan harafi. Ka ware kuɗin sababbin tayoyi daga cikin kuɗin saye, domin na hannu kan zo da tayar da ta bushe ko da zanenta bai cinye ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ya fara da DOT a gefenta su ne mako da shekarar da aka yi ta. Ka kuma bincika dokar jihar da za ka ratsa, tunda wasu jihohi sun sha hana hawa babur a wasu ƙananan hukumomi ko da dare saboda matsalar tsaro, kuma jami'in da ke kan shinge ba lallai ya bambance naka da na ɗan acaɓa ba.

A daminar da ta wuce na sake faɗuwa a wannan hanyar ta ƙauyenmu, kusan a daidai wurin da na faɗi da FJR. Na juya wa mashin baya, na kama kansa da hannu ɗaya, ƙarfen baya da ɗaya, na tura da ƙafafu ya miƙe. Hannun kuloci ne kawai ya lanƙwashe, wani yaro mai gyaran babur a bakin kasuwa ya miƙe mini shi kafin a kira la'asar.