Yadda na gyara ɓoye sandar kewayawa a manhajar iOS

Shafin farko na manhajar da nake ginawa ba ya buƙatar sandar kewayawa ta sama, wato wadda ke ɗauke da sunan shafi da maɓallin komawa baya, amma na biyu yana buƙatarta. Da farko na ɓoye ta a cikin aikin viewDidLoad na shafin farko, sai ga shi idan an dawo baya daga shafi na biyu tana nan daram, domin wannan aikin sau ɗaya yake gudana bayan an loda shafi. Na mayar da umarnin ɓoye sandar, setNavigationBarHidden, cikin viewWillAppear, aikin da ke gudana duk lokacin da shafi zai bayyana, na kuma bayyana ta a viewWillDisappear, wanda ke gudana idan za a bar shafin.

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne ƙimar animated, wadda ke nuna ko sandar za ta ɓace da motsi ko nan take. Da na rubuta false da hannuna, sandar takan ɓace kwatsam tun shafin bai gama zamewa ba, ta bar baƙin gurbi a sama. Da na miƙa ƙimar da tsarin ya turo, sai sandar da shafin suka riƙa motsawa tare.