Kai yara bakin teku a Accra: kurakuran da iyaye suka fi yi

Babban kuskuren mutanenmu na Nima da Mamobi da Madina shi ne ɗaukar tekun Accra kamar rafi. A Labadi ko Kokrobite, igiyar ruwa in ta bugi ƙafa za ta koma, sai ta janye yashin da yaro ya taka, nan take ya zame. Akwai kuma wuraren da ruwan ke bi da ƙarfi yana komawa tsakiyar teku, kuma sau da yawa nan ne ido ke gani kamar babu haɗari, don kumfa ba ta cika tashi a wurin ba. Yaron da bai kai shekara biyar ba, wasansa ya tsaya a jiƙaƙƙen yashi, kusa da hannun babba. Babba kuma ina nufin uwa ko uba ko kawu, ba yayarsa 'yar shekara goma da aka ce wa "riƙe ƙaninki" aka koma ƙarƙashin laima ana hira ba. Idan ruwa ya ja mutum, kada ya yi ta kokawa da shi zuwa gaɓa. Ya bi gefe har ya fita daga jan, na kan tudu kuma su kira masu ceto, a buga 112.

Sai lokacin fita. Mun saba sai an yi azahar, an gama girki da kwalliya, sannan a nemi trotro (motar haya), a isa rana ta gasa yashi, jama'a ta cika, kiɗa na tashi. Washegarin sallah abin ya fi muni. Ƙaramin yaro awa biyu da safe sun ishe shi, daga ƙarfe 8 zuwa 10. A sa masa takalmi saboda zafin yashi da fasassun kwalabe, a rubuta lambar wayar uba a takarda a saka masa a aljihu.

Wasu kuma ba sa duba damina. A Mayu da Yuni, bayan ruwa mai yawa, kogin Odaw da tafkin Korle suna kwararo shara da ƙazanta cikin teku. Jamestown wurin kallo ne, ba na wanka ba: a nuna wa yara hasumiyar fitila da kwale-kwale. Ranar Talata ma ta fi, don masunta 'yan ƙabilar Ga ba sa fita kamun kifi, jiragen suna nan jere a gaɓa.

Dawakin Labadi, a gama ciniki kafin a ɗora yaro, in ba haka ba kuɗin sauka ya fi na hawa. Mai zuwa bakin tekun Bojo kuwa sai ya tsallaka ruwa a kwale-kwale, to ya nemi rigar ceto daidai jikin yaron tukuna. Shinkafa da miya da ta wuni cikin leda a rana tana iya jawo gudawa. Burodi, ayaba da sobolo mai ƙanƙara sun wadatar.

Kuma ba dole ba ne kowace fita ta ƙare a ruwa. Mai goyo da yara uku ita kaɗai, gara ta nufi dandalin tunawa da Kwame Nkrumah da aka sake buɗewa a 2023, yara su kalli ruwa yana feshi, iskar teku na kaɗa su.