Yadda za ki rage roba a gidanki tun daga kasuwa

Koko da ƙosai nake sayarwa a unguwar Nima da ke Accra, saboda haka na san yawan robar da ke bi ta hannun mace ɗaya kafin azahar. A ƙulla koko a farar leda, a saka ta cikin baƙa, sannan a ce in ƙara wata don ƙosai. Duk inda aka yar da su, ƙarshensu gota ne, wato magudanar ruwa, gotarmu kuma kogin Odaw take zuba, daga can sai tafkin Korle, sai teku. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni, 2015, da ruwa ya cika Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, wuta ta tashi a gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu, ya san abin da toshewar hanyar ruwa ke jawowa. Allah Ya jiƙansu.

'Yar'uwa, fara da kwando. Ki rataye shi a bayan ƙofa, inda kike ajiye mayafi, don abin da ido bai gani ba shi ake mantawa. Ranar Laraba in za ki kasuwa, ki saka tsohon buhun shinkafa a ciki don doya da albasa, da ƙananan jakunkuna na ragowar atamfa, waɗanda tela zai ɗinka miki da kuɗi kaɗan. Gero, wake, masara, duk a auna miki da olonka, wato gwangwanin awo, a juye cikin jakarki. Ki riga mai kaya magana: "Hajiya, bar robar, ga jakata." In kika yi shiru, kafin ki buɗe baki ta ƙulla. Manja da man gyaɗa kuwa, ki riƙa zuwa da kwalbarki a zuba miki, ɗaya ta ishe ki shekara.

Da safe ki aiko yaro da kwano mai murfi. Ni ma riba ce gare ni, don robar da kuɗi nake saye, kuma mai kwano nakan ƙara masa ludayi. Wajen mai waakye, wato shinkafa da wake, ki ce a zuba a ganye. Ya fi ƙamshi, in an yar kuma ƙasa ta cinye shi.

Ledar fiya wata ita ce babbar matsala, tunda ba kowane gida ke da famfo ba. Kada ki haɗa ta da sauran bola. Ki ware mata buhu, a matse ruwan, a tara. Akwai masu zagawa suna saye a kan kilo, a kai inda ake narkawa. Kuɗin ba yawa, amma yara in sun san nasu ne, ba za ki ƙara ganin leda a tsakar gida ba. Ɓawon doya da na rogo ki miƙa wa maƙwabci mai awaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu jiran hadari ya haɗo su juye bolarsu a gota, wai ruwa zai tafi da ita. Ɗakin wani bawan Allah na can ƙasa yake kai ta. In kuɗin mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku da ke kwashe shara, ya yi miki nauyi, ku haɗa da matan gidan, kwandon shara ɗaya babba mai murfi, kowa ta ba da nata a ƙarshen mako, a sa mace ɗaya ta riƙe lissafi.