Darasi na 9: Fita Sassarfa da Yaro Mai Tatata

Wata ɗaliba a ajinmu ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, an ce min a asibiti in riƙa motsa jiki. To ina zan kai autana? Shekararsa biyu, ko banɗaki na shiga sai ya biyo ni." Aji ya kwashe da dariya, don kowa ta san halin. Darasin yau amsar tambayarta ce, kuma iyaye maza ma su kasa kunne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki na minti 150 a mako, idan irin tafiya da sauri ce. Idan kuwa gudu ne, minti 75 ya isa, wato minti 25 sau uku a mako. Ba a nan ake farawa ba. A makon farko ki yi sassarfa na minti 1, ki yi tafiya na minti 2, ki maimaita sau shida. Yau ki fita, gobe ki huta. Idan haki ya hana ki magana, kin yi sauri, ki sassauta. Mai hawan jini ko ciwon suga ta fara tambayar likita. Wadda ta sake haihuwa kuma ta bari jaririn ya yi kamar wata uku tukuna.

Sai maganar yaro, wadda ita ce mai wuyar.

Kada ki yi gudu da goyo. Tafiya da goyo ba laifi, da ita muka tashi. Amma gudu yana jijjiga kan yaro da wuyansa, majanyi yana sassautowa ba ki sani ba, in kuma kika yi tuntuɓe ku biyu za ku sha ƙasa. Ga zafi: bayanki yana zufa, cikinsa manne da shi, iska ba ta ratsawa.

Akwai keken tura yara da aka ƙera don gudu. Tayoyinsa uku ne manya, na iska, yana da birki, da bel na ɗaure yaro, da igiyar da ake zura wa hannu don kada ya kuɓuce a gangara. Yana da tsada. Wanda aka fi gani a gwanjo mai ƙananan tayoyin roba na yawo ne kawai, rami ɗaya ya isa ya kifar da shi. In kina da na gudun, kada ki lulluɓe shi da zani don kare rana, zafi ne zai taru a ciki. Kuma hukumar nan ta ce kada a bar ƙaramin yaro a ɗaure, a keke ko a baya, fiye da awa 1 a lokaci guda. Shi ma yana da nasa rabon: minti 180 na wasa da guje-guje a yini.

Ni a ganina dabarar da ta fi dacewa da mu ita ce karɓa-karɓa. Ki nemi maƙwabciya ko ƙanwa, ku tafi filin makarantar firamare kafin ɗalibai su iso. Ku shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ku ajiye gorar ruwa da ƙwallo. Ɗaya tana zagaye fili, ɗaya tana tare yara, sai ku sauya. Za ki ga autan ya taso yana binki a guje, hannu a sama, yana kiran "Umma! Umma!" Ki bar shi. Taku ashirin zai yi, ya tsuguna yana tsintar tsakuwa. Gudun yaro ke nan, ba a ja masa hannu don ya ƙara. Sai dai a lura kada tsakuwar ta tafi baki.

Wadda ba ta fita tana iya zagaye tsakar gida. A rufe rijiya, a kau da bokitin ruwa, a tabbatar murhu ya huce.

Lokaci mai kyau shi ne bayan sallar asuba zuwa kafin hantsi. A watan Afrilu zafin rana a Kano da Sakkwato yana kai ma'auni 40, don haka da rana ta ɗaga a koma gida. Da hunturu kuma a jinkirta kaɗan, a sa wa yaro rigar sanyi, ran da hazo ya yi yawa a haƙura. Ki ba shi koko ko nono kafin ku fita. Yaron da ke jin yunwa ba zai bari ki yi ko zagaye ɗaya ba. Wata rana kuma haka kawai zai tubure. Ki dawo gida, jibi ma rana ce.

Aikin gida: ki ja layi uku a littafinki. A na farko ki rubuta rana, a na biyu mintin da kika yi, a na uku abin da yaro ya yi. Misali: Asabar, minti 18, ya yi kuka a zagaye na huɗu. Ki kawo littafin aji ranar Litinin mu karanta tare.