Yadda nake saita haruffa a gVim

Idan ka buɗe fayil a gVim, manhajar gyara rubutu ta Vim mai taga, ka ga rubutu ya rikice, fara duba irin rikicewar. Inda ƙ take, in ka ga Æ™, matsalar tsarin lambobin haruffa ce: an adana fayil ɗin da UTF-8, an karanta shi da wani tsari. In kuwa akwati ka gani, lambar daidai take, salon rubutun ne ba shi da hoton harafin.

Ni da lambobin nake farawa. A saman fayil ɗin vimrc, wato fayil ɗin saitin Vim, kafin komai, ina rubuta:

set encoding=utf-8
set fileencodings=ucs-bom,utf-8,latin1

Layi na biyu jerin tsare-tsaren da gVim zai gwada ne wajen karanta fayil, ɗaya bayan ɗaya. Bar latin1 a ƙarshe, domin ba ya ƙin kowane fayil, in ka sa shi gaba sauran ba za su samu dama ba. Fayil ɗin da ya riga ya buɗe a karkace kuma, kada ka adana shi haka, sake buɗe shi da :e ++enc=utf-8.

Salon rubutu ya fi sauƙi. Buga :set guifont=* ka zaɓa daga taga, sannan :set guifont? ya nuna maka sunan yadda za ka kwafa cikin gvimrc, fayil ɗin saitin gVim. A Windows girma yana zuwa kamar :h12, a Linux kuwa bayan sarari. Na fi son DejaVu Sans Mono.

In kana shakka, ɗora alamar rubutu kan ƙ ka danna g sannan a. Ya kamata ka ga 0199, lambar harafin ƙ.