Rage tarkace a gidan yawa: inda mutane suke kuskurewa

Duk gidan da ka shiga a Garwa ko Marwa ko Kusiri, in dai gidan yawa ne, akwai ɗaki ɗaya da ba a buɗe shi gaban baƙo. Bidon da ya fashe, fanka da ta mutu tun yaushe, katifar da gara ta gama da ita, takalmi wari ɗaya, buhun leda, duk ana ajiye da su wai wata rana za su yi amfani. In abin ya ishi mutum sai ya tashi da zafinsa zai gyara, to a nan ake yin ɓarna.

Babban kuskure shi ne farawa da kayan da ba naki ba. Ke amarya ce ko 'yar gida da ta dawo hutu daga Ngaundere, kin ga ɗakin Hajiya cike da kwalla da langa da samira an jera su har kusa da rufi, ƙura ta zauna a kai, babu wanda ya taɓa cin tuwo a ciki, sai ki ce a kwashe a sayar. Wallahi kin jawo wa kanki magana da za a yi ta har jikoki. Jeren nan dukiyarta ce, da shi aka kawo ta gidan, wani kwanon uwarta ce ta saya mata da kuɗin adashi, kuma a lissafinta in an aurar da 'ya ko jika daga ciki za a ɗiba, in ta ɓaci kuma a ba dillaliya ta sayar a rufa asiri. Ki fara da akwatinki da armuwar ɗinki, ki fitar da atamfofin da kin san sun matse ki, mutane su gani da idonsu ɗakinki ya sha iska. Daga baya in za ki taɓo nata, kar ki ce "Hajiya a zubar", ki ce "Hajiya wance za ta yi aure kuma iyayenta ba ƙarfi, ko za a taimaka mata da kwalla biyu?" Za ki sha mamaki, tsohuwar da ba ta yarda a taɓa mata faifai ita da kanta za ta zaɓo masu kyan ta ƙara da tire. Haka kayan kishiya, haka kayan maigida, ko tsohuwar rediyo ce a tambaya.

Wanda ya fi wannan nauyi shi ne kayan mamaci. Mutum ya rasu, bayan sadakar bakwai sai wani ya kwashe riguna da agogo da keken ɗinki ya rabar wai sadaka ce ga mamacin. Niyya mai kyau ce amma kayan sun zama na magada tun ranar da ya cika, sai an biya bashi an cika wasiyya sannan a raba, matar ma tana da tumuninta in akwai 'ya'ya, in kuma akwai marayu ƙanana ba wanda yake da ikon kyautar da rabonsu. Wasu kuma tsoron wannan ya sa suka kulle ɗakin shekara da shekaru har ɓera ya cinye manyan riguna, shi ma asara ce. A kira malami a raba da wuri, kowa ya yi yadda ya so da nasa.

Sai masu fito da komai tsakar gida rana ɗaya. An fara da safe da karsashi, kafin azahar rana ta buɗe, yara sun baza komai, ga girki yana jira, magariba na yi sai a tattara a mayar yadda yake ko ma ya fi da muni. Musamman a Maris da Afrilu da zafi yake wuce digiri 40, wa zai iya? Lokacin sanyi ya fi, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma akwati ɗaya ko lungu ɗaya a rana ya isa. In za ku ɗaga abin da ya daɗe a ƙasa ku sa takalmi ku fara turawa da sanda, kunama tana son irin wurin nan.

Takardu kuma ana yi musu kuskure iri biyu, ko a ajiye kowace takarda har ta kuɗin wuta ta shekarun baya, ko a haɗa duka a cinna wuta a ƙone har da takardar haihuwar yaro, sai ya zo rubuta jarrabawar gama firamare ta CEP a shiga yawon kotu da ofishin magajin gari. A zauna da wanda ya iya karatun Faransanci a tace. Takardar haihuwa, ta fili, ta makaranta, katin rigakafi, a sa su a leda mai kauri a ɗora can sama, a kuma ɗauki hotonsu a waya. Waɗanda ruwa ya ci gidajensu a Injamena a 2022 da Yagwa a 2024 sun san abin da nake faɗa, in ruwa ya shigo da dare jaka ɗaya za ka iya ɗauka. Takardun da ke da ayoyi da tsofaffin alluna a ware su daban, a tambayi malam yadda za a yi da su.

Ragowar magani da ya wuce lokacinsa, kar a ba maƙwabciya wai kar ya lalace, ai ya riga ya lalace. Batirin waya da ya kumbura kar a jefa shi wuta. Roba da leda ma ƙona su a tsakar gida hayaƙin yana shiga ƙirjin yara. Tsohuwar taya da gwangwani kuwa a fitar da su kafin damina, ruwa yana kwanciya a ciki sauro ya hayayyafa. Ƙarfe da alminiyam 'yan gwangwan suna saye a kilo, kuɗin ba yawa amma ya fi a bar su suna tsatsa.

Kyauta ma akwai yadda ake ɓata ta, a tattaro tsumma da ya yage a miƙa wa almajiri a ce an yi sadaka. Abin da ya mutu a yi tsumman goge ɗaki da shi. Mai kyau a wanke a ninke a bayar tun yana moruwa.

To an gyara, ɗaki ya yi fili, sai kuma a koma gidan jiya, saboda ba a tare ƙofar da kayan suke shigowa ba. Anko na kowane biki, robobin da ake rabawa wurin suna, gwanjo da aka saya don kawai yana da araha, kayan wasan yara da ke karyewa kafin sati. Ni a ganina anko ne ya fi cika akwati, zani a ɗaura shi wuni ɗaya shi ke nan. Ba dole ki yi na kowa ba, ki yi na 'yan uwa na jiki, sauran ki sa wanda kike da shi ki kai gudunmawarki a hannu. In sabon zani ya shigo, tsoho ɗaya ya fita a satin, kuma ki san sunan wadda za ki ba tun kafin ki kai sabon wurin tela.